Abin Da Ke Hana Hitar Tsohuwar Mota Yin Ɗumi

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata na'ura da ke ɓoye cikin kusan kowace mota, wadda mutanen ƙasashen zafi ba su cika tunawa da ita ba sai ran da ɗari ya ritsa da su a hanya. Ita ce na'urar ɗumama cikin mota, wadda direbobi da makanikai ke kira hita. Za a ɗauko misalin daga ƙasar Ƙatar, amma abin da za a faɗa ya shafi direban Kano da na Jos da na Agadas, gama cutar iri ɗaya ce, maganin kuwa bai bambanta ba.

Watakila mai sauraro zai yi mamaki ya ce, me ya haɗa Ƙatar da hita? Gaskiya ne ƙasar ta yi suna wajen zafi, har a watan Yuli na 2010 ma'auni ya kai digiri 50.4 na Santigiret a Doha. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu al'amari ya kan juya. Wata iska da Larabawa ke kira shamal, watau ta arewa, ta kan taso, sanyin dare a Doha ya sauka zuwa wajen digiri 13, kamar na Kano a tsakiyar hunturu. A cikin hamada kuwa ya kan fi haka nesa, domin in sama ta yi garau babu girgije, zafin da rairayi ya sha da rana ya kan tsere sama da dare ba abin da ya tare shi. A watan Fabrairu na 2017 an auna digiri 1.5 a Abu Samra, kan iyaka da Saudiyya, saura kaɗan ruwa ya daskare.

To, wannan lokaci ne mutanen ƙasar suka fi sha'awar fita jeji. A unguwar Al Gharrafa, da ke ƙarƙashin hukumar Al Rayyan a gefen Doha, da wuya a bi layi ba a ga Toyota Land Cruiser ko Nissan Patrol a ƙofar gida ba, waɗansu sababbi, waɗansu kuwa sun yi shekara ashirin ko talatin suna aiki. Da su a ke ɗaukar iyali da tantuna a nufi kudu, a bi ta Mesaieed a hau tuddan rairayi zuwa Khor Al Adaid, inda teku ta kutsa cikin hamada, wurin da babu kwalta ko ɗaya. Sai a can, wajen asuba, yara suna rawar ɗari, gilashin gaba ya yi fari da raɓa, mai mota ya murɗa hita ya ji iskar da ta ke hurowa ba ta fi numfashin mutum ɗumi ba. Wata tara ke nan ko goma rabonsa da taɓa ta.

Kafin a san abin da ya lalace, sai a san inda ɗumin ya ke fitowa. Hita ba ta da wutar kanta. Man da inji ke ƙonewa, in an kasa ƙarfinsa kashi uku, kusan kashi ɗaya ne kaɗai ke juya ƙafafun mota. Kashi ɗaya ya kan fice ta salansa tare da hayaƙi, ɗayan kuma ya shiga jikin ƙarfen inji, wanda in ba a kwashe shi ba sai inji ya ƙone. Ruwa a ke sa wa wannan aiki, kuma an yi dabara da aka zaɓe shi, gama ruwa na da cikin ɗaukar zafi ƙwarai. Zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya zai ɗaga kilo ɗaya na iska da digiri huɗu, na baƙin ƙarfe kuwa da wajen digiri tara. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ke tura ruwan ya zaga cikin inji, ya kwashi zafi, ya kai lagireto, iska ta busa shi ya huce, ya komo.

Hita kuwa wani ƙaramin lagireto ne, bai fi girman littafi mai kauri ba, an ɓoye shi cikin akwati a ƙarƙashin allon gaban direba. Tiyo biyu ke ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin mutane, ɗaya ya kawo ruwan zafi, ɗaya ya mayar. Wata 'yar fanka mai aiki da batir ta kan hura iska ta ratsa tsakanin haƙarƙarinsa, iskar ta ɗauki zafi ta fito wajen ƙafafu ko wajen gilashi. Sunan Al Gharrafa daga kalmar Larabci ya fito mai ma'anar kamfata, aikin hita kuwa ke nan, ta kamfaci kaɗan daga zafin da dā ma zubar da shi za a yi. Sabo da haka ɗumin da ta ke bayarwa kyauta ne, ba ya ƙara shan mai sai ɗan abin da fanka ta ci. Kamfanin Nash na Amurka ne ya kyautata wannan tsari a 1938, sa'ad da ya sa hita ta riƙa jawo sabuwar iska daga waje tana ɗumama ta, har yanzu kuwa a kan wannan tafarki a ke.

Daga wannan bayani za a ga abu uku ne tilas su cika: ruwan ya yi zafi sosai, ya samu hanyar ratsa ƙaramin lagireton, iska kuma ta bi ta cikinsa ta iso wurin mutane. Na farkon ne ya fi yawan kawo matsala a ƙasashen zafi, kuma yawanci ba lalacewa ba ce, aikin hannun mutum ne.

A bakin hanyar da ruwa ke bi tsakanin inji da lagireto akwai wani ɗan bawul da a ke kira tamostat, girmansa kamar na ƙwan kaza. A cikinsa akwai ɗan kurtu da aka cika da wani irin kaki. Muddin ruwa na da sanyi, kakin na daskare, sifirin na riƙe da ƙofar a rufe, ruwa ba ya zuwa babban lagireto, sai ya yi ta zagawa cikin inji da hita har ya yi zafi da wuri. In zafi ya kai adadin da aka yanka masa, yawanci digiri 82 ko 88, kuma a kan buga lambar a jikinsa, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura sanda, ƙofa ta buɗe. In ruwa ya huce ta sake rufewa. Haka ya ke yi ba dare ba rana, ya riƙe inji a kan zafi guda.

Makanikai da yawa, a Kano da Maradi har da ƙasashen Larabawa, da zarar mota ta shigo hannunsu su kan cire wannan bawul su jefar, suna cewa abin ƙasar Turawa ne, ba shi da amfani inda rana ke dukan ƙasa. Wannan kuskure ne, ko da ya ke an daɗe ana yinsa har ya zama kamar sunna. Tamostat mai lafiya ba ya sa mota zafi, gama in ruwa ya yi zafi a buɗe ya ke. Motar da ke tafasa da shi a ciki, ko dai shi ne ya mutu a rufe, sai a sake sabo, ko kuwa ciwon na wani wuri ne, lagireto ya toshe ko fanka ta yi sanyi, an cire tamostat an rufe ciwon da zane. A waɗansu injuna ma, har da na Toyota da dama, ƙasan tamostat na da wani faifai mai toshe gajeruwar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba. In an cire shi hanyar nan ta kan zauna a buɗe, rabin ruwa ya riƙa yanke, mota ta yi zafi a kan tudun rairayi fiye da dā. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Da daren hunturu kuwa abin da ke faruwa a bayyane ya ke. Ruwa na kwarara lagireto ba mai tsare shi, iska mai sanyi na dukansa, mai yiwuwa zafinsa ya tsaya wajen digiri 55 maimakon 85. Ƙarfin hita kuwa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na iskar da ke shigowa. In iskar waje na kan digiri 10, ruwa na kan 85, tazara 75 ce. In ruwa na kan 55, tazara ta koma 45, watau kashi biyu cikin biyar na ɗumin sun tafi tun ba a taɓa hitar ba. Hasarar ba ta tsaya nan ba. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, baƙin mansa ya fi saurin gurɓacewa, silinda da zobban fistin su fi saurin cinyewa. Alamar kuwa mai sauƙi ce: allurar zafi ta daɗe ba ta tashi ba, in an tsaya ta ɗan hau, in an kama gudu ta sake faɗuwa. Tamostat da ya mutu a buɗe ma haka ya ke yi. Wanda ke shakkar nasa, ya ɗaure shi da zare ya rataya cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ya sa ma'aunin zafi, ya ga ko zai buɗe a kan lambarsa, in ruwa ya huce kuma ya rufe ruf. Akwai kuma babbar fankar inji, wadda a motoci irin su Land Cruiser ta ke da wani kulocci mai mai a ciki, mai kamawa in an yi zafi ya saki in an huce. In ya cije, ko makaniki ya ɗaure shi da gangan, fanka ta kan yi ta ruri kullum, inji ya daɗe bai yi ɗumi ba.

Sai maganar ruwan kansa. A motoci da yawa ƙaramin lagireton da tiyonsa na cikin wuraren da suka fi tudu a duk hanyar ruwa, sabo da haka in ruwa ya ragu shi ke fara jin ƙishirwa, iska ta taru a cikinsa ta tsaya. Direba ya kan ji ƙarar ruwa ƙulu-ƙulu bayan allo, hita ta yi ɗumi in ya taka totur, ta huce in ya tsaya. Maganin shi ne a ajiye mota gabanta na kallon tudu, a bari ta huce sarai, a buɗe murfin lagireto a cika, a kai maɓallin hita ƙarshen zafi, a ta da inji a bar shi yana aiki ana ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa. A nan akwai gargaɗi da ba a wasa da shi. Murfin lagireto na riƙe matsi kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, wannan matsi ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Wanda ya buɗe murfi inji na da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsalle ya sale masa fuska da hannu. In kuwa an fitar da iska, bayan kwana biyu ta komo, ruwa na raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙarewa, to a tuhumi gasket na kan inji, wannan kuwa aikin gareji ne. Haka nan famfon da tsatsa ta cinye fukafukansa ya kan nuna alama irin ta ƙarancin ruwa, alhali lagireto na cike.

In inji ya kai zafinsa, ruwa kuma ya cika, hannu ya isa ya faɗi sauran labari. A bar inji na aiki, hita a ƙarshen zafi, a ɗaga bonet, a kiyayi fanka da fambel, a taɓa tiyo biyun nan a daidai inda suka shiga bango. In hita na lafiya duka biyu za su yi zafin da ba a iya riƙewa, mai fitowa ya ɗan fi sauƙi kaɗan. In mai shiga na ƙuna mai fitowa kuwa ɗumi-ɗumi ko sanyi, ruwa ba ya ratsawa. In duka biyu na ƙuna amma iskar ciki ba ɗumi, ruwa ya yi nasa, laifin na wajen iska ne. Tsofaffin motoci da dama na da ɗan bawul a kan tiyo mai shiga, wanda waya ke ja daga maɓallin direba. Wata tara a rufe ya isa ya sa shi cijewa, ko wayar ta zame daga maƙalinta. Sai mutum ɗaya ya motsa maɓalli, ɗaya na kallo ko hannun bawul na tafiya har ƙarshe.

Toshewar ƙaramin lagireto ita ce cuta ta biyu wajen yawa, asalinta kuwa irin ruwan da a ke zubawa ne. Duk wanda ya leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da farar ƙasa da gishiri a narke, in ya sha zafi sai su fito su manne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ƙatar ma zartsi gare shi. Bugu da ƙari, ruwa tsura na sa baƙin ƙarfen inji tsatsa, tsatsar ta zama jan laka. Bututun da ke cikin hita sirara ne ƙwarai, sun fi na babban lagireto ƙunci, ruwa kuma na tafiya a hankali a cikinsu, a motar da ke da bawul ma tsayawa ya ke yi cik duk tsawon bazara. Nan laka ke samun wurin kwanciya. Ruwan kanti mai launi da a ke kira kulant, mutane na zaton don hana daskarewa kaɗai aka yi shi, su ce ina ƙanƙara a Kano? Gaskiya ne in an gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, amma babban amfaninsa a ƙasar zafi shi ne magungunan hana tsatsa da ke cikinsa, waɗanda su kan ƙare da daɗewa, shi ya sa a ke sake irin na dā bayan kamar shekara biyu. Akwai kuma garin toshe yoyo da a ke zubawa cikin lagireto. Ba ya sanin ramin da aka aike shi da wanda ba a aike shi ba, sau da yawa hita ya ke fara toshewa.

Wankin ba wuya. In inji ya huce sai a cire tiyo biyun ta wajen inji, a sa tiyon ban ruwa a bakin da ruwa ke fitowa, a tura ruwa ta baya, domin dattin ya koma ta hanyar da ya shigo. A yi ta yi, a juya gaba a juya baya, har ruwa ya fito garau. Amma fa a buɗe famfo kaɗan kaɗan. An gina hitar don matsin da bai wuce na murfin lagireto da yawa ba, famfon gida kuwa ya kan ninka wannan sau uku ko fiye, injin wankin mota ya ninka shi sau ɗari. Wanda ya yi gaggawa zai fasa ta a ciki, ya jawo wa kansa kwance allon gaba duka, aikin yini guda ko biyu. In ɓawon ya ƙi fita, a narka garin tsamin lemo cikin ruwan ɗumi, wanda a kantunan Doha a ke sayarwa da sunan milhul laimun, ko a yi amfani da ruwan khal, a cika ta a bari ya yi kamar sa'a ɗaya, sa'an nan a ɗauraye sosai. Ruwan batir da sodar yin sabulu kuwa kada su kusance ta, gama suna cin ƙarfenta, musamman in na alminiyam ne.

Wani lokaci mai duba zai tarar babu abin da zai wanke, domin wani makaniki ya riga ya cire tiyo biyun daga bango ya haɗa bakinsu da juna. A kan yi haka in hita ta fara yoyo, kuma a tsakiyar jeji dabara ce mai kyau wadda za ta kai mutum gida. Amma kafin a mayar da su a san cewa akwai dalilin da ya sa aka cire. Alamun yoyo su ne wani wari mai zaƙi-zaƙi cikin mota, da maiƙo a cikin gilashin gaba, da jiƙewar shimfiɗar ƙafa. Irin wannan sai sabuwa, ko a kai wa mai gyaran lagireto in ta tagulla ce. Kulant guba ne, ga shi da zaƙi, sabo da haka wanda aka tsiyaye kada a bar shi a buɗe inda yaro ko akuya ko kyanwa za su kai baki.

Wajen iska kuwa ƙura ce sarauniya. Tsofaffin motocin nan yawancinsu ba su da matatar iskar ciki, kuma iskar ta kan fara ratsa na'urar sanyi, watau iyakwandishan, kafin ta iso hita. Jikin na'urar sanyi a jiƙe ya ke duk bazara, ƙurar hamada ko ta hunturu ta manne ta zama kamar yaɓen ɗaki, fanka ta yi ta kuka iska kuwa ba ta fita. Ɓeraye ma su kan yi sheƙa a nan. Fankar da ba ta aiki sai a matakin ƙarshe, 'yar na'urar rage mata gudu ce ta ƙone, abu mai araha. Wadda ta yi kasala a kowane mataki, a duba wayar da ta kama jikin mota ko ta yi tsatsa, da gawayin cikinta ko ya cinye. Cikin akwatin kuma akwai ƙofofi masu raba iska, wannan ta bi ta zafi, wannan ta kewaye. An liƙa musu soso a gefe, zafin shekara da shekaru ya kan mai da shi gari, iska mai sanyi ta riƙa satar hanya tana gauraya da mai ɗumi. Sabon soso da daidaita waya su kan yi abin mamaki.

Akwai motocin da ko kome nasu na lafiya hitarsu ba ta da ƙarfi tun asali. Land Rover, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a 1948, shekaru da yawa hita a cikinta sai wanda ya biya ƙari. Defender ta kafin 2007 kuwa akwatin hitarta a ɗakin inji ya ke, yana shan iska ta wata kafa a kan fiffiken gaba, ruwan sama da ƙura na shiga, jikin motar ga shi alminiyam ne mara rufi, ƙofofi na shan iska ta ko'ina. Injin dizal ma, da ya ke ya fi na fetur tattalin mai, zafin da ya ke zubarwa kaɗan ne in yana tsaye. A irin waɗannan, riƙe ɗumin da aka samu ya fi neman ƙari sauƙi da araha: a sake robar ƙofofi, a toshe ramukan bango inda wayoyi ke ratsawa, a shimfiɗa abu mai kauri a ƙasa da ƙarƙashin rufi, abin da zai taimaki na'urar sanyi ma in bazara ta zo. Mai doguwar mota na iya ƙara ƙaramin lagireto na biyu da fankarsa a baya. Direbobin ƙasashen ƙanƙara su kan rufe rabin lagireto da kwali, amma wannan bai dace da mai hawan rairayi ba, gama ko da sanyin safiya inji na shan wuya a kan tudu, mantuwa ɗaya ta isa ta ƙone shi.

Ana sayar da waɗansu 'yan hitoci da a ke soka wa a ramin kunna taba. Lissafi kaɗan zai nuna iyakarsu. Batirin mota volt 12 ne, ramin kuwa fis ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, watau iyakar abin da za a samu wat 120 zuwa 180. Hitar ruwa mai lafiya na ba da wat dubu huɗu ko biyar. Kuɗin da aka kashe a kansu da an sayi tamostat da shi ya fi. Mai son ɗumi inji na kashe, akwai hitoci masu ƙona dizal da kansu, irin na kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus, ƙananansu na ba da wajen wat dubu biyu, amma sai gwani ya ɗaura, hayaƙinsu ya fita waje sarai.

Dalilin wannan sharaɗi shi ne abin da ya fi kome hatsari cikin wannan magana. In hita ta ƙi aiki, zuciya ta kan raya wa mutum ya shigo da kaskon garwashi cikin mota ko tanti, ko ya rufe gilashi ya bar inji na aiki ya yi barci. Gawayi da mai, in suna ci inda iska ba ta isa ba, suna fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, ba launi, ba wari. Jini na kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, ba ya farkawa. Hukumar asibitocin Ƙatar, Hamad Medical Corporation, ta sha yin gargaɗi da hunturu a kan ƙona gawayi a rufaffen wuri, a ƙasar Hausa kuwa kowa ya san abin da kasko da janareta su kan yi cikin ɗaki. Tsohuwar mota mai fasasshiyar salansa da ramuka a ƙasa, in tana tsaye cikin kwari inji na aiki, hayaƙi ya kan taru ƙarƙashinta ya shigo. Wanda ya ji waɗannan alamu ya fitar da kowa sarari nan da nan, a nufi asibiti ko da an ga kamar an warware.

Saura raɓar gilashi. Iska mai digiri 10 ba ta iya riƙe laimar da ta wuce giram 9 cikin kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, mai digiri 30 kuwa ta kan riƙe wajen giram 30. Numfashin mutum shida cikin rufaffiyar mota, in ya taɓa gilashi mai sanyi, sai ya sauke laimarsa a kai, direba ya koma tuƙi da goge-goge da hannun riga, ga hazon asuba na gaɓar teku a waje. Abin yi shi ne a juya iska wajen gilashi, a buɗe ta waje ta shigo, a kunna hita da na'urar sanyi tare. Na'urar sanyi ta matse laimar, hita ta ɗumama busasshiyar iskar, ita kuwa ta shanye abin da ke kan gilashi cikin minti kaɗan.

Da bazara ma tana da rana. In mota na hawan rairayi ko tana cikin cunkoso allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyi, a sauke gilasai, a kai hita ƙarshen zafi da fanka ƙarshen gudu. Mutanen ciki za su sha wuya, amma wat dubu huɗun nan da ta ke zarewa daga ruwa sau da yawa su kan isa a kai inuwa ko gareji inji bai ƙone ba. In allura ba ta sauko ba, ko hita ta huro sanyi alhali allura na kan ja, alama ce ruwa ya ƙare, a tsaya a kashe inji nan take. Domin bawul da ƙofofi kada su cije, ruwa kuma ya riƙa wanke bututun, a kan so a kunna hita minti biyar sau ɗaya a wata, ko da a watan Yuli ne.